Jadawali na Uku

Sun ce saura maƙala biyu in zama farfesa.
Ofis a Gusau, fanka ta tsaya,
ina gyara waƙafi a sharhin dokar ma'adinai.

Turmin da Inna ke surfa gero
shi aka daka dutsen zinare a ciki.
Ɗantani, autanmu, ya lashi yatsunsa.
Dalma ba ta da ɗaci.

Yau shi lamba ce a jadawali na uku.
Masu tantancewa sun yaba tsarinsa.

Gobe Laraba, ɗalibai tamanin.
Zan tambaye su: ƙasar Anka ta wa ce,
mai haƙa, mai lasisi,
ko wanda ke kwance cikinta?

Barmani za ta sunkuyar da kai.
Ita ma 'yar can ce.