Goge Huɗu a Akwatin Nomau

Ran Litinin, kasuwa na watsewa,
Inna Baraka ta aiko jikanta da amalanke
har rumfata ta gyaran rediyo a Mokoyo:
akwatin ƙarfe, da garmaho mai karyayyen hannu,
da saƙo: "Na marigayi ne.
In ya yi magana, a zo a gaya min."

Nomau, an ce, shi ke riƙe littafin sikeli
zamanin da gujiya ke sarauta a Maradi.
Nasaran kanti da zai koma gida
bai biya shi watan ƙarshe ba,
sai ya bar masa faifai goma sha ɗaya,
baƙaƙe, masu nauyi kamar marfin tukunya.
Gara ta cinye rigunansu,
ta haɗa da sunayen makaɗan,
ta bar shekara kaɗai,
shekarar da ko Inna ba a yanke wa cibiya ba.

Kwana uku ina lallashin cikinsa da man keke.
Allura kuwa a dutse na wasa ta.

Da ya buɗe baki, ba kiɗa ya fara ba.
Tsatsa ce ta yi gyaran murya,
ƙara irin ta gujiya a rairayin kasko,
irin yayyafin fari a kan kwano.
Can ƙarƙashinta sai ga zare ɗaya, siriri,
wani ya kama shi, wani ya ɗora,
kamar masaƙa a ɗaki guda ba mai kallon wani.

Jadi, da ya rataye gogensa
tun da ƴan biki suka koma hayar lasifika,
ya bar faifan goronsa, ya matso.
"Su huɗu ne," in ji shi.
"Ba ƙwarya? Ba maroƙi? To wa suke wa?"
Na ce ban sani ba. Wataƙila junansu.

Ya runtse ido.
"Biyun nan ciki ɗaya suka fito,
ƙanen na taka sawun wa.
Na ukun mai sulhu ne, ba ya ɗaga murya,
sai ya yi shiru ake sanin yana nan.
Na huɗun, mai maƙogwaro kamar rijiya gaba ashirin,
shi ke ciyar da gidan."

A faifai na biyar kujera ta yi ƙara.
Wani ya ja numfashi kafin ya sauke izga.
"Ka ji? Tsoron gaɓar nan yake.
Ni ma akwai wadda nake tsoro."
Ƙasa ta daɗe da cinye ƙirjin mutumin,
ga numfashinsa a rumfata,
tsakanin tsoffin batura da ƙurar dalma,
ƴan kabu-kabu na wucewa ba su sani ba.

Na bakwai ya tsage tun daga baki.
Allura ta kai, ta dawo,
ta kai, ta dawo,
kamar akuya a turke.
Jadi bai ce komai ba. Ya tafi gida.
Ya dawo da gogen, fatar guzar ta saki,
ya gasa ta a rana, ya goga ƙaro,
ya jira su a bakin tsagar.
Da suka faɗa, ya tare.
Ba abin da za su faɗa ba ne, na tabbata.
Hanyar Tibiri ya bi da su.
Amma sun je.

Da almuru na iske Inna tana tsince yakuwa.
Na ce ya yi magana, sai dai ɗaya ya tsage.
Ba ta ɗago ba.
"Ni na fasa shi, garin shara,
shekarar da muka tare.
Ban faɗa ba, bai tambaya ba.
In allura ta kai nan sai ya ɗaga ta,
ya ƙarasa sauran da hanci."

Ta kakkaɓe zane.
"Shi wancan tsohon, daidai ya ƙarasa?"