Rigar Ulu

A Tartu rana kan faɗi tun huɗu ba ta yi ba,
kogi ya daskare, ya yi gum kamar mai fushi.
Leelo kaɗai ta rage a hawa na uku,
ita da injin da ke awon abin da ido bai isa ba.

Jinin mutum arba'in ne a firji:
ashirin masu rawar hannu, cokali na kuɓuce musu,
ashirin garau, sun ba da jini sun sha shayi sun tafi.
Ta tace, ta zuba, inji ya kwana yana tankaɗe.

Da safe allo ya cika maƙil,
furotin dubu biyu da ɗoriya, kowa da layinsa.
Ba ruwanta da mai zuwa ko'ina,
a gan shi a biki, a gan shi a makoki.
Mai ɓangare take nema:
nan akwai, can babu.

Layi na dubu da sha tara.
Hagu cike, ashirin cif. Dama fayau.
Ta ƙirga da yatsa, ta sake,
kofinta ya huce ba ta sani ba.

Tsoho Endel, shekara talatin yana wanke kwalabe,
ya gyara tabarau, ya leƙo ta kafaɗarta.
Ya ce, babu iri biyu ce,
da ta gaskiya, da ta ban gani ba.
Akwai ma haka: da ɗan gida, da wanda iska ta kawo.
Ranar da kika haɗa na marasa lafiya, me kika sa?

Litinin ce. Na'urar ɗumama ɗaki ta mutu.
Ta sa rigar ulun da kaka ta saƙa mata a tsibirin Kihnu.

Suka bincika sunan.
Furotin gashin tunkiya.

Endel bai yi dariya ba, ya koma ga kwalabensa.
Ta daɗe da yatsa a kan maɓallin gogewa.
Wuyan rigar a karkace yake,
don a hunturun da aka saƙa ta
allura ta riga ta fara rawa a hannun kaka.

Ta goge layin.
Ta cire rigar, ta ninke, ta ajiye bayan ƙofa,
ta buɗe firji da sanyi a jikinta.
Kwalba ta ɗaya.