Ƙugiyar Goggo Tabawa

A Koki, in guga ya tsinke a rijiya,
gidanmu ake aikowa:
"Wai a ara mana ƙugiya."
Bakinta huɗu, baƙa wuluk.
Maƙeran unguwa sun juya ta sun juya,
suka ce wannan ba hannun Kano ba ne.

Goggo Tabawa ce ta zo da ita,
shekarar da ta ɗauki ƙullin baƙi goma sha biyu
daga karofi ta hau jirgin ƙasa zuwa Baro,
ita da ba ta san ruwan da ya fi Jakara ba.
Can ta ga Kwara, ta ce, "Ashe ƙasa ma tana ƙarewa."

Jirgi mai hayaƙi, mai tari kamar tsohon bijimi,
Turawa a sama, mu a ƙasa da awaki,
haka take faɗa.
Dare na biyu, kafin Lakwaja,
ya dafe a rairayi.
Sai kwalekwale uku, ba fitila, ba magana.
Ƙarfe ya ce ƙwal a gefen tabarmarta,
igiya ta miƙe, wani yana hawowa.

Maza na laluben layu.
Bature na laluben makullin bindiga.
Ita kuwa kununta na tsamiya yana tafasa kan murhu,
ta sunkuci tukunyar da gefen zane
ta juye.

Ihun da ya tashi, ta ce, na yaro ne.
Jirgi ya yi kuwa, tururi ya rufe ruwa,
kwalekwalen suka koma inda suka fito.

Da safe akawu ya rubuta jaruntar kyaftin,
ita ya ci ta tarar sule biyu
don hura wuta a inda aka hana.

Wani mai tuƙi, Banufe, ya raɗa mata:
'ya'yan masu fito ne,
jirgin nan ya cinye sana'ar iyayensu.

Ba ta ƙara shan kunun tsamiya ba har ta rasu.
In an zo aron ƙugiya
takan riƙe ta ɗan lokaci kafin ta miƙa,
ta ce, "Ku dawo da ita.
Ba tawa ba ce,
mai ita bai zo ba tukuna."