Kabad ɗin Evaristo

Matakala ɗari da sha bakwai na hau
a tudun Valparaíso, akwati a kafaɗa.

Evaristo Huenchul ya buɗe ƙofa da tari.
Shekara arba'in yana ara wa 'yan fim maƙogwaro,
yau gwiwa ta hana shi zuwa Santiago.

Na huda bango, na zura layin dijital,
hanya biyu cikin waya guda.
Fitila ta yi ja. Ta sake yin ja.
Na canza lamba,
na hura soket kamar mai tada garwashi,
sannan kore.

Injiniya daga can ya ce:
"Ina jin teku, ina jin jiniyar jirgi,
har da karen maƙwabta."

Muka zagaya gidan da makirfo,
kicin amo, falo kuwwa.
Tsohon ya tsaya gaban kabad, ya daɗe.
Rigunan sanyin Leontina ne a ciki,
tun rasuwarta ba hannun da ya taɓa.

Ya shiga tsakaninsu, na ja ƙyaure.
Ulu ya shanye teku, ya shanye kare.

"Gwaji. Ɗaya, biyu."
Allura ta motsa.
Tallan man zaitun ne, daƙiƙa talatin,
amma kafin ya soma
na ji shi a kunnena ya ja dogon numfashi,
hanci cikin wuyan wata riga.

Injiniya ya ce zai yanke wurin.
Na naɗe ragowar waya, ban tanka ba.