Batir Ɗaya, Ƙofa Goma Sha Tara

Ni Arcesio, shekara talatin ina satar wuta.
Da ƙugiya da filaya nake hawa falwaya
in jawo wa tudun nan haske ta bayan gida.
Ga tabon a tafin hannuna, ga yatsan da ba ya lanƙwasuwa.
Yanzu jikata Yuliet ta miƙo mini tsumma da bokiti,
ta ce, "Kaka, goge farantan rana.
Wannan wutar ba mai ɗaure ka a kanta."

Matakala ɗari biyu da sha ɗaya daga titi zuwa rufinmu.
Mun hau su da ƙasa a buhu,
da tsofaffin tayoyi, da duro na tarar ruwan sama.
Har Doña Ofelia mai ciwon gwiwa ta ɗauko gwangwani guda,
tana zagin kowace matakala da sunanta.
Yau wake ya nannaɗe ƙarfen shanya,
tumatir ya yi ja a bahon wankan da aka yar,
ɓawon ayaba da dusar kofi na ruɓewa a akwati,
tsutsotsi na yi mana aikin da ba albashi.

Samari sun raɗa wa abin suna.
Sun zana shi a bango da koren fenti:
birni cikin ganye har wuya, motocin igiya na ratsa furanni.
Solafank, in ji su.
Ni dai na san famfon da ke yoyo tun Laraba,
da kazar Wilmer da ta cinye latas ɗin mutane,
da taron Lahadi da ake awa biyu
kan wa ya bar dutsen guga a kunne.
Hoton bango ba ya gardama. Mu muna yi.

Sai daren da hadari ya gangaro daga duwatsu.
Tsawa ɗaya, kwarin Medellín ya yi dunɗum,
motocin igiya suka tsaya cak a sama kamar shanyar da aka manta.
Batirinmu ɗaya, ƙofa goma sha tara,
allonsa ya nuna saura kashi arba'in.

Muka taru a baranda, ruwa na dukan kwano.
Wilmer na son ƙwallo, saura minti ashirin a tashi.
Nubia mai ɗinki na da rigar amarya da za a karɓa da safe.
Ni ma, kar in yi ƙarya, ina son rediyona.
Doña Ofelia ba ta ce uffan ba.
Yuliet ce ta tuna: allurar sukarin tsohuwar tana firji,
jaririn hawa na uku kuma da na'ura yake numfashi.

Ba wanda ya yi wa'azi.
Wilmer ya ja tsaki, ya tashi, ya zare filoginsa.
Daga nan ƙofa bayan ƙofa, ɗas, ɗas,
har gidan ya yi duhu da gangan,
sai firji guda na gurnani,
sai na'urar nan tana shaƙa tana fesarwa,
sai ƙwai ɗaya a matakala kada wani ya karye.

Nubia ta ƙarasa kalmasa da hannu a ƙarƙashin ƙwan,
mata uku na riƙe mata gefen rigar.
Aka gasa wainar masara, aka gutsuttsura.
Wani ya ba da labarin wasan da bai gani ba,
ya ba mu ci uku da nema.

Na sha ganin an miƙa hannu a karɓi wuta.
Ban taɓa ganin an mayar da ita da hannu biyu ba.

Da asuba na hau rufi, gwiwa na ƙara.
Ƙanƙara ta tsaga faranti ɗaya, ta kwantar da waken.
Batir na kan kashi huɗu.
A ƙasa jaririn ya tsala kuka, mai ƙarfi.
Na matse tsummana.
Rana ta leƙo ta bayan dutse, ba ta tambayi mita ba,
na fara gogewa daga kusurwar hagu,
inda tattabaru suka fi ɓatawa.