Kwana Bakwai

A bayan gidanmu na Aboabo
na kafa akurki da tsohon kwano da bashin Lariba.
'Yan tsaki ɗari uku, rawaya kamar ƙwaiduwa,
suka iso cikin kwali, suna kuka da murya ɗaya.

A Kejetiya, Opoku mai shago
ya turo mini farin gari a leda,
ba suna, ba takarda.
Ya ce cokali biyu a kowane buhu,
kafin Kirsimeti zan nemi babban sikeli.

Ya faɗi gaskiya.
Mako huɗu, ƙirji ya riga ƙafa girma.
Ba su san dare ba, don fitila ba ta mutuwa.
Akwai guda a gefen kaskon ruwa,
ta yi tozali da shi, ta kasa kai kanta,
tana haki kamar ɗan dako a gadar kasuwa.
Ni na ɗauke ta. Nauyinta ya faranta mini rai,
kuma na ji kunyar wannan farin cikin.

Inna ba ta shiga akurkin.
Tana da kazarta wake-wake a gindin mangwaro,
wata takwas tana tonon ƙasa,
har yau ba ta cika tukunya ba.
Ta ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu.
To wanda ya ci kazar da ba ta taɓa taku goma ba,
me ya ci?

Likitan dabbobi ya shinshina ledar, ya ajiye.
Ya ce a janye garin, a jira kwana bakwai
kafin wuƙa ta taɓa wuya.
Bakwai!
Buhu nawa ke nan na masara?
Ga kajin firji na Tema sun karya farashi,
ga Ramatu mai wake da shinkafa na son hamsin gobe,
ga Lariba ta fara gaishe ni da ido.

A rumfar Ramatu ɗana Mutawakilu ke cin rana
in an tashi makaranta.
Cinya yake so.

Na ƙulle ledar, na cusa a saƙon rufi.
Na kashe musu fitila, karo na farko.
Sai suka yi tsit, ɗari uku,
ina jin numfashinsu cikin duhu.
Na ɗauki gawayi na ja layi ɗaya a bango.
Wayata na ta ruri a aljihu.