Siririyar Waya

Hoto ya fito a talabijin, tas,
bakin mai labarai na motsi,
amma ɗakinmu na Nima tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.
Kakata Fulera ta ce, "Mutawakkilu,
akwatin nan naka bebe ne?"

Na buɗe cikin kwamfutar.
Katin hoto lafiya lau, fankarsa na juyawa,
sai 'yan haƙora biyu a gefe, tsirara,
suna jiran wayar da ɓera ya ci.
Ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba.

Na hau trotro zuwa Sakul.
Shago goma sha ɗaya.
Wani ya miƙo mini caja,
wani ya ce in sayi sabon kati, sidi ɗari tara,
wani ya kwashe da dariya: "Ana yin ta har yanzu?"

Sai Baba Tanko, can ƙarshen layi,
ya zazzage gwangwanin madara:
kusoshi, matattun batura,
ga ta a nannaɗe, fara da baƙa.
Ya ƙi karɓar kuɗi. "Sayo mini koko."

Da dare, tocila a baki,
na soka ta. Shiru.
Na kashe, na juya kanta, na kunna.
Muryar mutumin ta faɗo ɗakin
kamar baƙon da ya gaji da sallama a ƙofa.

Kaka ta gyara zama,
ta saurara minti biyu,
ta ce, "Rage shi. Ƙarya yake yi."